'Yata na son Tarihi, makarantarsu kuma darasin Gwamnati kaɗai ake koyarwa

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, ina neman shawararku.

'Yata ta shiga SS1 bana, ɓangaren Arts. Tun tana ƙaramar sakandare ba ta da hira sai ta tarihi. Wani tsohon littafin kakanta da bangonsa ya yage take kwana da shi, har ta haddace labarin Kanem-Borno, da jihadin Shehu Usmanu na 1804, da haɗewar Arewa da Kudu a 1914. Da aka kawo takardar zaɓen darussa sai muka ga babu Tarihi a ciki, sai Gwamnati da Civic Education kawai.

Na je na samu shugaban makarantar. Ya ce malamin Tarihinsu ya yi ritaya, ba a turo wani ba, kuma wai ai Gwamnati ma ta wadatar. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, don sanin yadda majalisa ke aiki daban, sanin yadda daular Sakkwato ta kafu daban.

Ga inda na maƙale: WAEC na haɗa makin gwaje-gwajen aji da na jarrabawa. In na ɗaukar mata malami a gida, za a iya yi mata rajistar Tarihi a makarantar da ba ta koyar da shi? Ko sai dai ta jira jarrabawar masu zaman kansu? Sannan in ta zauna da Gwamnati kaɗai, za ta samu gurbin karanta Tarihi a jami'a ta hanyar jarrabawar JAMB?

Canjin makaranta ya fi ƙarfin aljihuna, gaskiya. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka mini don Allah.