Me ya sa Itzhak Perlman yake kaɗa goge a zaune?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na kalli bidiyon Itzhak Perlman yana kaɗa gogen Turawa, wato bayolin, har tsigar jikina ta tashi. Abin da ya ɗaure min kai, sauran manyan makaɗa a tsaye suke yi, shi kuwa a zaune. Wa ya san dalili?

Ɗalibar kiɗa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cutar shan-inna ce ta kama shi yana ɗan shekara 4, a Tel Aviv inda aka haife shi a 1945. Ka lura da shigowarsa dandali a tsofaffin bidiyoyi: yana dogara sanduna, ya zauna, ya ajiye su a gefe, sannan a miƙo masa gogen. Wallahi nan ne yake taɓa min zuciya.

Tsohon mai sauraro:
Ƙari kan bayanin malama: a 1958 ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka yana ɗan shekara 13. Ya yi karatu a makarantar koyon kiɗa ta Juilliard, ya lashe gasar makaɗa ta Leventritt a 1964. Gogen nan nasa kuwa Stradivari, shahararren maƙerin goge na Italiya, shi ne ya ƙera shi a 1714, a da yana hannun wani babban makaɗin goge, Yehudi Menuhin.

Mai tambaya:
1714! Na gode ƙwarai. Yau da dare zan sake kallo, in zuba ido kan yatsunsa na hagu.