Kafin ka sayi kwale-kwale mai inji na hannu

Jiya da yamma a bakin dam ɗin Tiga wani matashi ya ce ya samu kwale-kwale mai injin Yamaha na hannu, masunta suka yi masa caa da shawarwari.

Yawancin maganar a kan inji ta tsaya. Suka ce ka je da sassafe, ka dafa shi ka ji da sanyi kafin a tayar, don mai wayo yakan ɗumama shi tun ba ka iso ba. Kada a tayar a tudu, sai cikin ruwa, in ba haka ba robar famfon da ke jan ruwan sanyaya injin ta ƙone. Da ya tashi, duba ruwan da yake tsartowa ta baya, in ba ƙarfi zai riƙa zafi. Wani dattijo ya ce, "Yaro, kwance noti ka ga man giya. In ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga." Sau da yawa zaren koma ne ke naɗewa bayan farfela ya cinye robar da ke hana ruwa shiga man giyan. Ni wannan ce ta fi kama min hankali.

Katako kuwa, sabon fenti abin zargi ne. Soka ƙusa a gindin kwale-kwalen ka ga ko ya ruɓe, a loda masa kaya a zaga, a ga ko yana yoyo.