Wai Al-Jahiz ne ya riga Darwin?

Auta: Salamu alaikum jama'ar gida. Ana ta turo wani saƙo wai Darwin, Baturen Ingila mai ra'ayin sauyawar halittu, kwafar aikin Al-Jahiz, marubuci mutumin Basra, ya yi. Al-Jahiz ya rasu wajen 868, littafin Darwin kuwa sai 1859 ya fito. Shekara kusan dubu fa! Turawa sun ci amanarmu.

Malam: Wa alaikumus salam. Maganar da ƙamshin gaskiya. A Kitabul Hayawan, littafinsa kan dabbobi, Al-Jahiz ya ce sauro na shan jinin giwa, ƙuda na farautar sauro, kowace dabba tana ci ana cinta. Ya kuma kawo Harrar Banu Sulaim, ƙasa mai baƙaƙen duwatsu, ya ce barewa da jimina da jakin wurin duk baƙaƙe ne saboda yanayin ƙasar.

Anti Malama: Allah ya gafarta Malam, duk abin da kuka faɗa haka yake. Sai dai ko ɗan kiwo ya san kura na cin akuya. Da'awar Darwin daban ce: 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zama iri ɗaya, ana haifar fiye da waɗanda abinci zai ɗauka, wanda siffarsa ta dace da wurin shi ke rayuwa ya haihu ya gadar da ita, a haka zuriya ke sauyawa har ta zama wani jinsi. Wannan gaɓar ta gado da tacewa ita ce babu a Hayawan.

Auta: Anti, ai wanda ya fara share gona shi ke da ita.

Anti Malama: To sai mu ba Lamarck, Bafaranshen da tun 1809 ya ce raƙumin dawa miƙa wuya ya yi ta yi wajen cin ganye har wuyan ya yi tsawo, 'ya'yansa suka gada. Ya yarda halittu na sauyawa, amma ya kuskure hanyar. Kuma da aka sake buga littafin Darwin a 1861 ya jero waɗanda suka riga shi, har da Patrick Matthew da ya taɓo maganar a 1831 cikin littafi kan katakon jiragen ruwa. Wallace ma, wani masanin halittu ɗan Birtaniya, daga tsibirin Ternate na Indonesiya ya aika wa Darwin da irin ra'ayin, aka karanta nasu tare a Landan a 1858.

Malam: Ko Ibn Khaldun ya jera halittu hawa-hawa, daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi. Amma na yarda, shi Al-Jahiz hikimar Mahalicci yake nunawa. Kada mu sa masa rigar da bai ɗinka ba.

Kawu: Ni duk wannan tankiyar ban ga amfaninta ba. Annabi Adamu daga ƙasa aka halicce shi, magana ta ƙare.

Anti Malama: Kawu, ba aƙida muke taɓawa ba, wa ya faɗi me muke bi. Ku da kuke kiwon tantabaru ma kun fi mu sanin abin. Darwin ya yi kiwonsu. In kuna son fara mai gashi a ƙafa, ba irinta kuke haɗawa ba, sauran ku kai kasuwa?

Kawu: Haka ne, amma shekara talatin ina haɗawa, ban taɓa buɗe akurki na tarar da shaho ba.

Auta: Ni dai ban goge saƙon ba tukuna.