Neman Sunan API da Hausa: Me Zai Hana Mu Ce Soron Manhaja?

Wani aminina mai gyaran agogo a Kano ne ya jefa ni cikin wannan nema. Kullum da safe yakan buɗe shafin eBay, wata kasuwar intanet, a wayarsa yana duba tsofaffin agogunan Seiko da suka lalace, waɗanda masu su ke sayarwa da araha, domin ya ciri kayan gyara daga cikinsu, kuma sau da yawa kafin ya gani wani ya riga shi. Sai na rubuta masa wata ƙaramar manhaja da ke yi masa wannan sintiri, tana tambayar kasuwar bayan kowane rabin awa, in an kasa sabon agogon da ya dace da kuɗinsa ta aiko masa da saƙo. Ranar da na nuna masa yadda take aiki, bakina bai daina ambaton API ba, har ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce mini, "Malam, wai shi wannan e-fi-ai ɗin mutum ne ko na'ura?" Na yi ta kame-kame, kuma ban ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina ba. Tun daga ranar nake juya maganar, ga kuma inda na tsaya.

Sai mun san abin da ke faruwa kafin mu raɗa masa suna. Idan mutum ya buɗe shafin kasuwa, abin da ake nuna masa an shirya shi ne domin ido: hotuna, launuka, tallace-tallace, da maɓallan dannawa. Manhaja ba ta da ido, ba ta kuma bukatar ado. Saboda haka kamfanin ya tanadi wani adireshi dabam, inda manhaja za ta aika da bukatarta a wani tsari da aka riga aka shimfiɗa. Tawa manhajar tana aika kalmomin nema, da mafi tsadar farashin da za mu iya, da sharaɗin cewa kayan na hannu ne, da adadin hajar da take so a jero mata, wanda in ba ta faɗa ba za a ba ta 50, kuma ba a wuce 200 a tambaya ɗaya. Amsar tana dawowa a rubutu tsura, a tsarin da ake kira JSON, kowace haja da sunanta, da farashinta, da irin kuɗin, da ƙasar da take, da adireshin shafinta. Manhajata ba ta taɓa ganin rumbun bayanan kamfanin ba, ba ta san yadda aka jera shi ba, ba ta kuma da ikon taɓa komai a ciki. Ta tsaya ne a wani wuri da aka keɓe wa baƙi, ta faɗi ko ita wace ce, ta faɗi abin da ya kawo ta, aka shiga aka fito mata da shi. Duk sunan da bai riƙe wannan tsayawa a waje ba, a ganina, ya kuskure abin.

Haruffan API uku farkon wasu kalmomin Turanci uku ne, wato Application Programming Interface, waɗanda in an bi su ɗaya bayan ɗaya za a samu wani abu kamar "fuskar haɗuwar shirye-shiryen manhaja". Babu Bahaushen da zai furta wannan sau biyu. Sunan ma ya girmi intanet ɗin da muka sani, domin ya bayyana a rubuce tun 1968, a wata maƙala da Ira Cotton da Frank Greatorex suka gabatar kan zane da kwamfuta daga nesa. Fassara ta kalma da kalma ba za ta fisshe mu ba, sai dai mu nemi hoton abin a cikin rayuwarmu.

Kalmar da kusan kowa ke fara kawowa ita ce dillali, musamman da yake maganar kasuwa ake yi, kuma ni ma da ita na fara yi wa aminina bayani. Tana da daɗin faɗa, amma da na zauna da ita sai na ga tana ɓatar da mai koyo. Dillali mutum ne na uku, ba na mai kaya ba, ba na mai saye ba. Yana da la'adarsa, yana da wayonsa, yana iya rage magana ko ya ƙara mata gishiri, yana shiga tsakani a yi ciniki har a kai ga sallamawa. API kuwa na mai gida ne ɗungurungum. Kamfanin ne ya gina shi, shi ya gindaya sharuɗɗansa, kuma shi ke rushe shi ranar da ya ga dama. Ba ya taya kaya, ba ya rangwame, ba ya fahimtar abin da kake nufi in ba ka faɗe shi daidai da ƙa'ida ba. Idan akwai dillali a cikin labarin nan, manhajar da na rubuta ce, wadda ke kai-komo tsakanin mai gyaran agogo da kasuwa. Ya kamata mu adana kalmar domin irin waɗannan manhajoji, kada mu ɓarnatar da ita a nan.

Tafinta ma an kawo, amma wannan ta fi cancanta da manhajar da ke juya rubutun mai shirya manhaja zuwa abin da na'ura ke ganewa. Gada kuwa ba ta tambayar mai wucewa sunansa. Mahaɗa ta riga ta zama sunan adireshin da ake dannawa a tafi wani shafi, taga kuma masu fassara manhajojin kwamfuta sun daɗe da ba ta wani aiki. Kafa tana da kyau a baki, kamar yadda muke cewa kafar sadarwa, sai dai yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, kuma ba na son ranar da ɗalibi zai tambaye ni ƙafar manhaja guda nawa ce.

Wadda ta fi ba ni wahalar ƙi ita ce ƙofa. Ƙofar manhaja magana ce mai sauƙi, kowa zai gane ta daga Sakkwato har Damagaram, kuma tana tafiya da abin da masu sana'ar ke kira mabuɗi, wato lambar sirrin da ake ba manhaja domin a gane ta. Matsalarta ɗaya ce, amma babba: ƙofa shiga ake yi. Wanda aka ce an buɗe masa ƙofar eBay zai ɗauka an bar shi ya kutsa cikin rumbun kamfanin yana bincike da hannunsa, alhali dalilin gina API shi ne kada a shiga.

Wannan ne ya kai ni ga ginin gidan Bahaushe. A gidajenmu na gargajiya baƙo namiji ba ya wuce ɗakin farko, kuma har yau akwai gidajen da za ka ga an rubuta "ba shiga" a jikin bango. Baƙo yakan tsaya ya yi sallama, a tambayi ko wane ne, ya faɗi bukatarsa, a aiki yaro ciki, a fito masa da amsa, ko da ruwa, ko da abin da ya zo karɓa. Bai san ɗaki nawa ne a gidan ba, bai san inda aka ajiye tukunya ba, kuma mai gida yana iya rushe ɗakunan ciki ya sake gini ba tare da baƙon ya sani ba, muddin wurin sallamar yana nan inda yake. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja zai ga cewa wannan shi ne ainihin amfanin API: kamfani ya sauya rumbunsa yadda ya so, manhajata ta ci gaba da aiki saboda tsarin tambaya da amsa bai sauya ba.

Sunan wannan ɗaki a yawancin ƙasar Hausa zaure ne, kuma da shi na so in tsaya. Amma zaure ya riga ya tafi. Yau in ka ce zaure a maganar intanet, tunanin kowa zai tafi ga zauren WhatsApp ko zauren tattaunawa, wurin da jama'a ke taruwa suna hira. Sai na koma ga kalmar da Kanawa ke amfani da ita, wato soro. Ba a ba ta wani aiki a fannin kwamfuta ba tukuna, gajera ce, ba ta da harafi mai lanƙwasa, tana da jam'i a shirye, soraye, kuma tana da tarihin karɓar baƙi na nesa, domin a Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, akwai Soron Ingila, inda a da Sarki ke ganawa da Turawa. Shawarata ita ce mu ce soron manhaja, in magana ta yi nisa mu taƙaita mu ce soro.

Na gwada kalmar da abubuwan da suka faru da gaske, domin suna ba ya tabbata sai ya ɗauki nauyin jimla. A watan Nuwamba na 2000 eBay ta buɗe soronta ga masu shirya manhaja, tana cikin kamfanonin farko da suka yi haka a intanet. A farkon 2025 ta rufe tsohon soron nema da ake kira Finding API, ta ce kowa ya koma sabon, wato Browse API, kuma duk manhajar da ba a gyara ba ta wayi gari tana sallama a inda babu mai amsawa. Jimlolin nan sun zauna ba tare da an tilasta musu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sauran kalmomin suka biyo baya da kansu. Kafin manhaja ta tambayi komai, sai ta gabatar da lambobin sirrin da aka ba mai ita lokacin rajista, a ba ta wata shaida ta ɗan lokaci wadda ke mutuwa bayan awa 2. Ni kaina na manta da wannan a daren farko, na kwanta ina murna, da asuba na tarar da amsa iri ɗaya ta cika allo, lamba 401, wadda ma'anarta ita ce ba a san da kai ba. Laifina ne, ban koya wa manhajar ta sabunta shaidarta ba. A harshen soro wannan ba ya bukatar dogon bayani: ta yi sallama, ba a gane muryarta ba. Haka nan akwai iyakar sallama, domin sabon mai rajista yana da tambaya 5,000 a rana a wannan soro, in ya zarce a mayar masa da lamba 429, wato ka cika naci. Kuma kamar yadda manyan gidaje ke da soro na farko da na biyu, inda ba kowa ake kaiwa na biyun ba, haka shaidar da ke isa a yi nema ba ta isa a taɓa asusun wani mutum ba, sai shi mai asusun ya ba da izini da kansa.

Kalmar ta kuma raba mana abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai masu rubuta manhajar da ba ta zuwa soro, sai ta buɗe shafukan da aka yi domin mutane, ta kwashe abin da ke jiki. Wannan ina kiransa kwasar shafi. Wani kamfani mai suna Bidder's Edge ya yi wa eBay haka, na'urorinsa suna leƙa shafukanta kusan sau 100,000 a rana, har a watan Mayu na 2000 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta hana shi, bisa hujjar cewa yana amfani da na'urorin wani ba da izini ba. Da mun ce API ƙofa ce, da bambancin ya dushe, tunda shafin ma ƙofa ce a buɗe. Amma kowane yaro ya san bambancin wanda ya yi sallama a soro da wanda ya tsaya yana leƙe ta kan katanga.

Ba zan ɓoye raunin kalmar ba. A wasu garuruwa soro na nufin ginin ƙasa mai rufin azara, ko ɗakin sama, ba ɗakin sallama ba, don haka Basakkwace ko mutumin Maraɗi zai bukaci a yi masa bayani sau ɗaya. Yaran da suka tashi a gidajen zamani masu get da falo wataƙila ba su taɓa zama a soro ba. Na kuma san samari za su yi dariya, domin a wurinsu soro wurin zance ne, ko da yake wannan ma bai saɓa ba, tunda mai zance ma iyakarsa ke nan. Rauni mafi nauyi shi ne cewa API ba wuri ne kawai ba, har da rubutattun ƙa'idojin yadda za a yi tambaya, kuma ana samunsa a cikin na'ura ɗaya ba tare da intanet ba. Na farkon ina ganin "ƙa'idojin soro" ta ɗauke shi. Na biyun kuwa na gwada shi da wayar Android: manhajar aika saƙo ba ta sarrafa kyamara da kanta, sai ta nema ta soron kyamara, tsarin wayar ya tambayi mai ita ko ya yarda. Jimlar ba ta yi tuntuɓe ba.

Ba ina cewa masu sana'a su daina faɗin e-fi-ai a tsakaninsu ba, domin da wannan sunan za su nemi bayani a takardun kamfanoni, kuma hana su zai zama cutarwa. Wurin soron manhaja shi ne aji, da rediyo, da rubutun da ake yi domin wanda bai taɓa shirya manhaja ba. A rubutu, karon farko a ce "soron manhaja, wato API", daga nan a ci gaba da soro kawai. Da na koma shagon aminina na sake yi masa bayanin da wannan kalma, bai ɗago daga agogon da yake kwancewa ba, sai ya tambaye ni ko Jumia ma tana da nata soron, kuma ko ana barin kowa ya yi sallama a can ko sai masu kasa kaya.