Alhajin Fim Mai Makulli

Uwar Biyu (Asabar, bayan isha'i)
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya muna kallon shirin nan mai dogon zango, wanda Alhaji ke kulle sito ya rataya makullin a wuya, yana ƙirga ƙwayar magi, yana jibgar ɗansa don ya ɓarar da miya. Mako da makonni muna tsine masa. Kwatsam sai hoto ya koma baƙi da fari, aka saki sarewa mai taushi, aka nuno shi yana yaro a hannun kishiyar uwa. 'Yata ta share hawaye ta ce, "Mama, ashe ba laifinsa ba ne." Maganar nan ce ta hana ni barci. Ga nawa, ƙwar huɗu, amsa-amo "wa".

Alhajin fim mai makulli,
Ko gishiri sai da ƙulli,
Ya auna mudu ya sa da alli,
Wai shi ya taso cikin yunwa.

Sun nuno shi yana ƙarami,
Ba shi da riga ba takalmi,
Yana lasar tuwo mai tsami,
A ƙofar ɗakin kishiyar uwa.

To don wannan sai mu yafe?
Don shi an dake shi da safe,
Sai ya bar 'ya'yansa a kife,
Suna biyan bashi tun haihuwa?

Ɗan Kakuri
Hajiya, da girmanki, amma kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Farin 1973 ne ya koro mahaifina daga ƙauye. Ya yi aikin masaƙa har ranar da aka garƙame ƙofarta.

Hajiya ke ta Unguwar Rimi,
Firji cike, ɗaki da ɗumi,
Kin san yunwa a alƙalami,
Ba ki san yadda take murɗawa.

Fari ya koro babana,
Ya bar ƙauye ba kwana,
Masaƙa ta zam masa gona,
Yana jan zare har wayewa.

In shinkafa ta zube a ƙasa,
Zai durƙusa ya tsince abinsa,
Mu muna dariya a bayansa,
Shi ko matattun shanu yake tunawa.

Bakano a Kawo
Kai! Ɗan Kakuri ya tashi kan Hajiya. Wannan yaro da ganin bakinsa akwai jinin Kano a jikinsa, Zage-zagi ba su iya irin wannan sara ba.

Malam Mai Alli
A bar kirari tukuna. "Fari ya koro babana" gaɓa 8 ne. "Shi ko matattun shanu yake tunawa" gaɓa 12. Ina aka samo huɗun? Sannan "Rimi" da "ɗumi" ai amsa-amon Hajiya ka ara, ba ka ko gode mata ba.

Ɗan Kakuri ka yi ƙoƙari,
Amma waƙa tana da kari,
Ka ɗora kaya ba tsari,
Jakinka ya kusa durƙusawa.

Ɗan Kakuri
Malam mai alli da bulala,
Muna zancen yunwa da wahala,
Kai kana ta ƙirga wasula,
Wa ya dake ka kake ramawa?

Bakano a Kawo
Wayyo cikina! A nemo sarewa, a mayar da Malam baƙi da fari mu ga abin da aka yi masa a firamare.

Uwar Biyu (Lahadi da hantsi)
An ɗauke mana wuta, waya ta mutu, na tashi na tarar an yi mini kaca-kaca. Ƙanena, matso kusa.

Ka ji Rimi ka yanke hukunci,
A Tudun Wada na san talauci,
Na yi tallan ƙosai don abinci,
A Kasuwar Barci ina kewayawa.

Innata riƙo aka kai ta,
Gwaggo da muciya ta rene ta,
Har yau akwai tabo a goshinta,
Amma ko ranƙwashi ba ta iyawa.

Ta ce, "Duka a kaina ya ƙare,
Ba na miƙa shi gaba kamar zare."
To ɗan masaƙa, zo ka warware,
Ita ba ta kwana da yunwa?

Kuma ka lura, babanka tsintar shinkafa ya yi, ba ka ce ya fasa bakin kowa a kanta ba. Alhajin fim fasa baki ya yi. Kada ka haɗa su a tabarma ɗaya.

'Yar Rigasa
Anti kin gama magana. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ku lura da wanda ake yi wa wannan gata na komawa baya.

Masu shiri ga tambayata,
Uba mugu kun ba shi gata,
Kun ce maraici ne ya ɓata,
Har da kiɗa mai tausasawa.

Uwar miji ko mai masifa,
Kullum ita ce abin jifa,
Ita ma ta yi yarinta fa,
Amma ba ku damu da tonawa.

Wataƙila ita ma tana 'yar ƙwaila aka kai ta gidan da uwar miji ke ƙirga mata yankan nama a tukunya. Amma a fim sai ka ce da ɗaurin ɗankwalin masifa aka haife ta.

Baba Na Panteka
'Ya'yana, na daɗe ina karanta ku. Mu da muka tashi da Samanja mazan fama, marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu a nan Kaduna a 2023, ban tuna an taɓa tsayar da wasa don a gaya mana abin da ya sa yake tsawa ba. Soja ne, ƙasa ta fito daga yaƙin basasa a 1970, kowa ya san abin da mazan suka gano. Komawa baƙi da fari kuwa, akwatin namu ma duka baƙi da fari ne.

Mu a da uba ba ya bayani,
Ciwonsa shi ke nema wa magani,
Ku kuma 'ya'yan zamani,
Sai an buɗe muku ciki kuna leƙawa.

'Yar Rigasa
Baba, Allah shi ƙara girma,
Shirun naku da shi muke fama,
Ƙurjin da ba a matse ba ma,
A jikin jika yake fashewa.

Bakano a Kawo
Baba a yi haƙuri, wasanku na da dariya ce kawai. Sai da Kano ta karɓi sana'ar aka fara shiga zuciyar mutum.

Baba Na Panteka
Yaro, tun 1962 Kaduna ke da rediyo da talabijin. Fim ɗinku na kaset sai 1990 ya fara rarrafe. Je ka tambayi manyanku wane ne marigayi Kasimu Yero, ka dawo mu yi magana.

Ɗalibar Samaru
Ku yi mini afuwa in koma baya kaɗan. Malam, arulli, wato ilimin awon karin waƙa, ba ƙirgen gaɓa da yatsu ba ne. Ana duba nauyi ne, gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, yadda suke jeruwa cikin ƙafa. Ɗango biyu na iya bambanta a yawan gaɓa su kuma hau kari ɗaya.

Malam Mai Alli
'Yata, na sani. To ɗauki ɗangon Ɗan Kakuri ki ɗora a karin Mutadarak, ki ɗora a na Kamil, ki ɗora a na Ramal. In ya zauna a ɗaya, na ajiye allina. Shi ma Baba ɗangonsa na ƙarshe ya yi jela, girma ne ya sa na yi shiru.

Bakano a Kawo
Shata wane ajin arulli ya zauna?

Malam Mai Alli
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Shata yana da kalangu yana riƙe masa kari, kai me ke riƙe maka, data? Aliyu Namangi makaho ne, amma kunnensa ba ya barin ɗango ya yi ɗingishi. Kuma namu ne, Bazazzage.

Bakano a Kawo
Mu ma muna da Aƙilu Aliyu.

Malam Mai Alli
Haifaffen Jega. Aro kuka yi, kamar yadda Ɗan Kakuri ya ari amsa-amo.

Ɗalibar Samaru
Malam, ka auna naka tukuna. "Ka ɗora kaya ba tsari" da "Ɗan Kakuri ka yi ƙoƙari" ƙafarsu ɗaya?

Uwar Biyu
Jama'a, na kawo Alhaji da makullinsa, kun bar shi tsaye a ƙofar sito kuna awon gaɓa.

Auta (Talata, 11:50 na dare)
Tun Asabar nake rubutawa ina gogewa. Malam kada ka duba.

Ni ban iya waƙa ba, ku yi haƙuri,
Babana ya yi bara yana almajiri,
Bai iya cewa sannu ba, sai dai tari,
A bakin ƙofa in na yi dare yana tsayawa.

In almajiri ya yi sallama da bara,
Shi ke tashi ya zuba ya ƙara,
Ba ya yarda a aiki yara,
Kuma ba ya kallon fuskar yaron in yana miƙawa.

Yana da zafin hannu, ba zan ɓoye ba. Ranar da aka nuna kashin nan muna tare a falo. Da yaron fim ya fara lasar kwano sai ya miƙe ya ce zai duba ko an kulle ƙofa. Ni na kulle ta da hannuna, kuma ya gani.

Malam Mai Alli
Ɗangon ƙarshe... a bar shi. Ban ƙirga ba.

'Yar Rigasa
Auta, Allah ya ja kwanan Baba. Malam kuma yau an ga ranar da alli ya jiƙe.

Ɗan Kakuri (Laraba)
Hajiya, na zo da kaina kafin a kawo ƙarata. Uwargida ta karanta zancen nan kaf, ba ta ce uffan ba. Ta kama hannuna har kicin, ta nuna mini kabad ɗin da nake ajiye madara da sukari.

Na zo kare uba da ƙarfi,
Ashe ramin da ni ya yi zurfi,
Gwangwanin madara da murfi,
Ni ke buɗewa ni ke rufewa.

Uwar Biyu
Ƙanena ka yi abin kirki,
Ka faɗi da kanka ba birki,
Saura ka miƙa wa mai girki,
Makullin nan da kake ratayawa.

Ka turo mana hotonsa a hannunta kafin Juma'a, a lokacin za a saki kashi na gaba.

Bakano a Kawo
Ba zai turo ba. Na san shi, yana da na biyu a aljihun wando.