Mai kaba zai iya shan maganin wankin ciki?

Abu Sadik: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da kaba a matsematsi, wato kumburin da hanji ke turowa ta wani rami a bangon ciki, an sa masa ranar tiyata nan da wata biyu. Kwana huɗu ke nan bayan gida ya yi masa tauri, sai da yunƙuri. Wasu sun ce a dafa masa filasko. Me kuke gani?

Malama Nas: Wa alaikumus salam. Kafin a ba shi komai, ku sa Baba ya kwanta rigingine ku duba kumburin. In yana da laushi, yana komawa ciki, kuma Baba yana fitar da iska, to ana iya ba shi magani. Yunƙurin nan ne ma abin gudu, shi ke ƙara turo hanji ta ramin.

Amma in kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ko yana ciwo sosai, ko fatar ta yi ja, ko ga amai, ko ciki ya kumbura ba iska ba bayan gida, kada a ba shi magani ko abinci, kada kuma a danna da ƙarfi. Hanji ne ya maƙale, jini zai iya daina kai masa, cikin 'yan awoyi hanjin ya mutu. Sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Mai Kemis: In babu waɗancan alamomin, a fara da mai tausasa bayan gida. Lactulose mil 15 safe da yamma. Yakan kai kwana biyu kafin ya yi aiki, shi ya sa mutane kan ɗauka bai karɓe su ba su ninka, sai iska ta cika ciki. In akwai Movicol na fi son sa ga mai kaba, bai cika kumbura ciki ba: leda ɗaya a ruwa mil 125, sau ɗaya zuwa uku a rana.

In bayan gidan ya yi laushi amma bai fita, Dulcolax miligiram 5 da dare, da safe zai yi aiki. Na 'yan kwanaki ne kawai. Fybogel kuwa, garin maganin taurin bayan gida da ake damawa a ruwa, ba a shan sa dab da barci ko da ruwa kaɗan, yana iya toshe hanjin.

Dattijo: Filasko ku ajiye shi. Yana aiki, amma dafin gida ba shi da ma'auni. Ya murɗa ciki, ya kawo gudawa, tsoho ya bushe. Man zurma ma haka.

Ku duba ko Baba yana shan tramadol, kodin ko ƙwayar ƙarin jini, dukansu suna taurara bayan gida. Ruwa kamar lita biyu a rana in ba shi da ciwon ƙoda ko zuciya, ga miyar kuɓewa, zogale, gwanda. In masai na zama ne, a sa masa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa, ya dafe kumburin da tafin hannu. Ku kuma sanar da likitan da zai yi aikin tun yanzu, don taurin nan bayan tiyata yana takura wa ɗinki.