Yashin teku yana fasa mini faranti bayan gashi

Assalamu alaikum, 'yan uwa magina. Ina zaune a Nima cikin Accra, ina gina farantan ado masu siffar gaɓar tekun Jamestown, wata unguwa a nan Accra: layin ruwa, kumfa, da jiragen masunta a jere. Don gindin farantin ya yi kaushi irin na gaɓa, nakan cuɗa yumɓuna da yashin da na ɗebo daga bakin tekun.

Kayan suna fitowa daga tanderu lafiya lau, ina gasawa a wajen digiri 1000. Sai sun kwana biyu a ajiye sannan ka ga fuskar tana ɓantarewa, kowane ɗan rami da farin gari a tsakiyarsa. Jiya wanda na fi ji da shi ya tsage daidai kan jirgin, abin ya taɓa mini rai ƙwarai.

Zargina ɓarɓashin bawon katantanwar teku ne. Wuta tana mayar da shi farar ƙasa, idan ya sha danshin iska ya kumbura ya ture abin da ke samansa, ga Accra kuwa da laima. Na wanke yashin saboda gishiri, na tankaɗe, abin ya ragu amma bai daina ba.

Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan, niƙa yashin ya yi laushi zai wadatar? Ko tsoma kayan a ruwa da zarar sun huce yana hanawa? Garin tsingaro a madadin yashin ba ya fashewa, sai dai bai ba ni ƙyallin yashin nan da nake nema ba.